Lung na Sinawa: Daga Gonar Manomi Zuwa Rigar Sarki

Idan Basine ya tashi da safe ya murɗa famfo zai wanke fuska, abin da hannunsa ya kama sunansa shuilongtou, wato "kan lung na ruwa". Guguwar nan mai juyawa da ke kwashe rufin gida, a bakinsu "iskar da lung ya nannaɗe" ce. Babban jatan landen teku "jatan landen lung" ne. Akwai wani ɗan itace mai farin nama da baƙin ƙwallo a tsakiya, sun sa masa "idon lung". Ganyen shayin da birnin Hangzhou ke taƙama da shi sunansa "rijiyar lung", kamfanin da ya yi wa sauran zarra a sana'a kuwa shi ne "kan lung". Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Chainis a gidan kallo ya san lung biyu ko da ba a taɓa gaya masa ba: Bruce Lee, wanda Sinawa ke kira Li Xiaolong, "ƙaramin lung", da Jackie Chan, wanda sunansa na sana'a Cheng Long, ma'ana "ya zama lung".

Lung ita ce halittar nan mai dogon jiki irin na maciji, da ƙafafu huɗu da ƙaho da gashin baki, wadda ake gani a jikin tangaran da ƙofar gidan abincin Sinawa. A haruffan boko long suke rubutawa, amma kunne lung yake ji. Turawa sun fassara shi da diragon, mu kuma da labarin ya iso mana ta hannunsu muka ce dodo. Daga nan zance ya fara karkacewa. Dodo abin tsorata yara ne. Diragon na Turai kuwa mugu ne mai fukafukai da aman wuta, yana kwance a kan dukiyar da ba tasa ba har ranar da jarumi zai zo ya soke shi da mashi, kamar yadda suke zana waliyyinsu George na Ingila. Babu uban da zai raɗa wa ɗansa Dodo, alhali Long suna ne da ke cike da rajistar makarantun Sin.

Masu zane na da sun bar ƙa'idar siffarsa: ƙaho mai rassa irin na barewar ƙasashen sanyi, kan raƙumi, kunnen sa, wuyan maciji, ɓawon kifi, faratan gaggafa, tafin damisa. Galibi ba shi da fukafuki, cikin gajimare yake iyo kamar yadda kifi ke yi a kogi, kuma sau da yawa za ka ga yana bin wani lu'ulu'u mai harshen wuta. Amma bayanin da ya fi kama ni shi ne na wani tsohon ƙamus, Shuowen Jiezi, wanda malam Xu Shen ya haɗa wajajen shekara ta 100 Miladiyya. Ya ce lung shi ne shugaban duk wata halitta mai ɓawo. Yana iya ɓuya yana iya bayyana, yana ƙanƙancewa yana girma, yana gajarta yana tsawo. Idan dare da rana suka daidaita a bazara sai ya hau sama, idan suka sake daidaita a kaka sai ya nutse cikin zurfin ruwa. Wannan jimlar ta ƙarshe ba siffar dabba take faɗa ba, kalandar manomi take karantawa.

Malaman da ke lissafin taurari a ƙasar Hausa sun san manzilolin wata 28, waɗanda da su ake gane shigar damina da fitarta. Sinawa ma tun fil azal sun raba hanyar wata gida 28, suka kasa su huɗu, bakwai-bakwai. Bakwai na gabas su ne Shuɗin Lung: akwai ƙahonsa, da wuya, da ƙirji, da zuciya, da wutsiya, kuma zuciyar da wutsiyar suna cikin taurarin da ake kira Kunama. A lokacin sanyi wannan lung ba ya bayyana da almuru. Da bazara ta ƙarato sai taurarin ƙahon su fara leƙowa daga gabas bayan faɗuwar rana, jikin ya riƙa fitowa sannu a hankali har ya miƙe a tsakiyar sama a watannin ruwa, da kaka kuma ya sunkuya yamma ya shige. Manomin da ya ga ƙahon ya san lokacin gyaran gona ya yi.

Wannan fahimta ta tsufa ƙwarai. A 1987, ana haƙa wurin tara ruwa a Puyang da ke lardin Henan, aka ci karo da wani kabari mai shekara wajen 6,400. Mamacin dogon namiji ne, an kwantar da shi kansa na kudu. A gefensa na gabas an jera ɓawon katantanwar kogi ɗaya bayan ɗaya har suka ba da siffar lung mai tsawon mita 1.78, da buɗaɗɗen baki da farata. A gefen yamma an jera damisa da irin ɓawon. Wajen ƙafafunsa, ta arewa, akwai tarin ɓawo mai kusurwa uku da ƙasusuwan ƙwauri biyu na mutum, wanda masani Feng Shi ya ce hoton taurarin nan bakwai ne na arewa. Lung a gabas, damisa a yamma: haka taswirar sararin samaniyar Sinawa ta zauna dubban shekaru bayan wannan kabari. Akwai masanan da ke ganin an cika yi wa ɓawon nan fassara, amma ko su ba sa musun cewa siffar ta riga rubutu, ta riga kowace daula. An kuma samu lung na koren dutse mai lanƙwasa a yankin Mongoliya ta Gida da ke arewacin Sin a 1971, da wani da aka haɗa da gutsattsarin shuɗin dutse sama da 2,000 a kufan tsohon garin Erlitou a 2002.

Har yau rana ta biyu ga wata na biyu na kalandarsu ta gargajiya sunanta Longtaitou, "lung ya ɗaga kai". A 2024 ta faɗo 11 ga Maris. Ranar wanzamai ce. A arewacin ƙasar ana camfa aski a watan farko na shekara, har akwai maganar da ke cewa wanda ya yi aski a watan kawunsa na wajen uwa zai mutu, saboda haka mutane da yawa kan bar suma wata guda cur, ranar kuma shagon aski ya cika tun safe, iyaye riƙe da yara, kowa na son ya ɗaga kai tare da lung. Abincin ranar ma sai ya sauya suna: taliya ta zama gashin bakin lung, ƙullin fulawa mai nama a ciki ya zama kunnensa, waina mai faɗi ta zama ɓawonsa. A da mata ba sa taɓa allura a ranar, kada su tsokane masa ido yana leƙowa.

Me ya sa ruwa ya kai haka a zukatansu? Arewacin Sin, inda daulolinsu na farko suka tashi, ƙasa ce da ruwan shekara ke zuba a 'yan makonni, galibi Yuli da Agusta. Idan ya makara gero da alkama su ƙone, idan ya yi yawa Rawayen Kogi ya ɓalle. Tarihinsu ya ƙirga ɓallewar wannan kogi sama da sau 1,500, kuma ya sauya hanya gaba ɗaya sau 26. Mutanen da ke zaune tsakanin fari da ambaliya dole su nemi wanda za su kai wa kuka. Sai kowane teku, kowane kogi, har tafki da rijiya, ya samu sarkin lung nasa. Manyan su huɗu ne, na tekun gabas da kudu da yamma da arewa, kuma na gabas, Ao Guang, shi ne babba. Kusan kowane ƙauye na arewa yana da ɗan ɗakin bautar sarkin lung.

Ga yadda ake yi idan fari ya tsananta. A hana yanka dabba. Maza su fito ba takalmi, da rassan itace kore a ka, su ɗauko gunkin sarkin lung a kan karaga su zagaya da shi gonaki ana kiɗa ganguna, don ya ga busasshiyar ƙasa da idonsa. A je wani marmaro ko tafki mai nisa a ɗebo ruwa a tulu a kawo. Idan kwanaki suka wuce sama ba ta haɗa ba, sai salo ya canza: a fito da gunkin a ajiye shi a tsakiyar rana tsaka, ba inuwa, har fentin jikinsa ya fara tsagewa, ya ɗanɗana abin da talaka ke ɗanɗana. Idan ruwa ya sauka sai a sake masa fenti, a ɗauko 'yan wasan kwaikwayo su yi masa wasa kwana da kwanaki. A aƙidarmu ruwa na Allah ne shi kaɗai, kuma ba wannan ake muhawara ba. Amma wanda ya taɓa fita sallar roƙon ruwa da dabbobi da ƙananan yara ya san nauyin da ke ƙirjin mutanen nan.

Abin lura shi ne matsayin da suka ba shi. Lung a nan ma'aikaci ne, kamar hakimi. Yana da yankin da aka ba shi, yana da na sama da shi, ana iya yi masa ƙarin girma, ana iya tsige shi. Sarakunan Sin sun sha ba wa lung ɗin wani tafki sarauta a rubuce idan aka roƙe shi aka samu ruwa. A wani shahararren littafin hikaya na ƙarni na 16, sarkin lung na kogin Jing ya jinkirta saukar ruwa kuma ya rage adadin da aka umarce shi, don kawai ya ci wani caca da ya yi da mai duba, sai aka yanke masa hukuncin fille kai. Laifinsa saɓa takardar umarni. Al'ummar da ta shekara dubu biyu ƙarƙashin ma'aikatan gwamnati, ita ce za ta hango sama ma ofis ce.

Mu ma muna da macijin da ya riƙe ruwa. A labarin Daura, Sarki na kwance a rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo da dare ya sare masa kai ya auri sarauniya. Matsala ɗaya ce, maganin ne ya bambanta. A Daura an rabu da mai riƙe da ruwan. A ƙauyen Sin an zauna da shi, ana lallashi, ana ciniki, ana kunyata shi idan ya gaza. Ba wai Sinawa ba su da labaran kashe irin wannan halitta ba. Akwai jiao, ɗan'uwan lung mai haddasa ambaliya, wanda jarumai irin su Zhou Chu suka yi suna da kashe shi. Masu cewa lung alheri ne zalla sun rage masa rabi. Halinsa halin ruwa ne, wanda ke raya shuka ya kuma ci gari.

Sarauta ba ta ganin abu mai ƙarfi haka ta bar wa talaka. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han a shekara ta 202 kafin Miladiyya, ɗan manoma ne, ba shi da jinin sarauta ko ɗigo. Sai ga marubucin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa wata rana mahaifiyarsa ta yi barci a bakin tafki, hadari ya haɗu, mijinta ya fito nemanta ya tarar da lung a kanta, daga nan ta samu cikinsa. Wanda ba shi da asali an samar masa asalin da ya fi na kowa. Daga baya duk abin da ya shafi sarki sai ya ɗauki sunan: fuskarsa fuskar lung, jikinsa jikin lung, karagarsa kujerar lung.

Tun zamanin daular Yuan ta Mongol doka ta shigo ciki. Lung mai farce biyar na sarki ne. A daulolin Ming da Qing 'ya'yan sarki na ƙasa-ƙasa da manyan fadawa sai su sa mai farce huɗu, wanda ma ba a yarda a kira shi lung ba, mang ake ce masa. Wanda ya sa mai biyar ba izini ya taɓo sarauta. Rigar sarkin Qing rawaya ce, da lung tara a jiki, amma duk ta inda ka dube ta, gaba ko baya, biyar za ka gani, na taran kuma yana ɓoye a shafin ciki. Tara da biyar ba haɗari ba ne. Sun fito daga babin farko na tsohon littafinsu na duba, Yijing, inda aka bi lung mataki shida: yana ɓoye a ruwa, kada ya motsa; ya bayyana a gona; har mataki na biyar, yana shawagi a sama, wanda shi ne matsayin sarki. Akwai mataki na shida, kuma gargaɗi ne: lung da ya wuce iyaka zai yi nadama. Malami Han Fei, wanda ya mutu a 233 kafin Miladiyya, ya bar wa fadawa nasa gargaɗin. Ya ce ana iya sabawa da lung har a hau bayansa, amma a ƙarƙashin maƙogwaronsa akwai ɓawon da ya juya baya, duk wanda ya taɓa shi ya mutu, kuma kowane mai mulki yana da irin wannan ɓawo.

Wanda ya shiga tsohuwar fadar Beijin zai ga inda abin ya kai. A babban zauren karaga kaɗai lung ya haura dubu goma, a rufi da ginshiƙai da ƙofofi da matakala. Katangar lung tara ta birnin Datong, wadda aka gina a 1392 don ɗan sarki, tsawonta ya wuce mita 45. Kan sarkin gidan waya na farko da Sin ta buga a 1878 lung ne a jikinsa, tutar ƙasa ta daular Qing ma rawaya ce da shuɗin lung. Saboda haka da aka kifar da sarauta a 1912, tutar ta sauka tare da ita, kuma ga 'yan juyin juya hali lung tambarin mulkin da ya bar Turawa da Japanawa suka wulaƙanta ƙasar ne.

A nan ne nake ganin mutane da yawa, har da Sinawan kansu, suke tsallake wani abu. Maganar nan da ake yawan ji, cewa Sinawa "jikokin lung" ne, ana faɗinta kamar ta shekara dubu biyar. Ba ta kai ɗari ba. Talakan zamanin Ming da zai tashi a kasuwa ya ce shi jinin lung ne, da ya jawo wa kansa bala'i. Tushen maganar na wajen mawaƙi kuma masani Wen Yiduo, wanda a shekarun 1940, ana tsakiyar yaƙi da Japan, ya kawo ra'ayin cewa lung tambarin wata tsohuwar ƙabila ce mai bautar maciji, wadda ta haɗiye sauran ƙabilu ta ɗauki ƙahon wannan da farcen wancan. Ra'ayi ne mai daɗi ga ƙasar da ke neman haɗin kai, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma masana da dama sun ƙi shi. Abin da ya kai maganar bakin kowa waƙa ce. A Disambar 1978 Amurka ta sanar da cewa za ta yanke hulɗar jakadanci da Taiwan ta koma wa Beijin. Wani ɗalibi a Taiwan, Hou Dejian, cikin ɓacin rai ya rubuta waƙar "Magadan Lung". Ya koma babban yankin Sin a 1983, ya rera ta a shirin talabijin na daren sabuwar shekara ta 1988, shekarar lung, ɗaruruwan miliyoyi na kallo.

Kafin nan fa, a zamanin Mao, jagoran mulkin kwaminisanci, lung ya sha wuya. A 1958, lokacin da ake tara jama'a suna haƙa madatsun ruwa da hannu, an yayata wata waƙar manoma da ke cewa babu sarkin lung, mutum shi ne sarkin lung. Daga 1966 matasan juyin al'adu suka farfasa gumakansa, aka mai da ɗakunan bautarsa makarantu da rumbuna. Har yau ba ya cikin tutar ƙasa ko tambarinta. Kuma ƙasar na da ƙabilu 56, da Musulmi sama da miliyan 20, Hui da Uigur da sauransu. Waƙar da ke siffanta magadan lung da baƙin ido da baƙin gashi da launin fata guda ba ta rungumi kowa ba.

Duk da haka ya dawo, kuma ya dawo da saurin fushi. A 2004 hukumomi sun hana tallar Nike da ta nuna ɗan ƙwallon kwando LeBron James yana cin galaba a kan wani malamin kunfu da wasu lung biyu. A 2006 wani jami'in wata jami'a a Shanghai, Wu Youfu, ya ba da shawarar a sake tunani kan amfani da lung a matsayin fuskar ƙasa tunda baƙi na ganinsa mugu, jama'a suka yi masa caa a intanet. A 2012 kuma gardamar ta juya: kan sarkin shekarar lung ya fito da shi yana fuskantar mai kallo, baki buɗe, farata a waje, wasu suka ce ya cika ban tsoro. Da 2024 ta zo kafofin watsa labaran gwamnati suka koma rubuta loong a Turanci don a raba shi da diragon. Ina tare da su a kan raba sunan, don halittu biyu ne daban. Inda na saɓa da su shi ne ƙoƙarin nuna shi tamkar ɗan rago. Ƙasar da ke cewa lung ɗinta na zaman lafiya ne, ita ce ta sa wa jirgin yaƙinta J-20 "lung mai ƙarfi". Ko sararin samaniyar Najeriya akwai su: jiragen JF-17 guda uku da sojojin sama suka karɓa a 2021, a Sin sunansu Xiaolong, "lung mai zafin rai" (a rubutun Sinanci daban yake da sunan Bruce Lee), jirage marasa matuƙa na Wing Loong kuwa "lung mai fiffike" ne.

Amma inda lung ya fi nauyi a yau ba a fada ba ne ko a barikin soja, a cikin gida ne, a kan yara. Akwai wata mashiga a Rawayen Kogi, tsakanin lardunan Shanxi da Shaanxi, inda ruwa ke matsewa tsakanin duwatsu yana gudu da ƙarfi. Sunanta Ƙofar Lung. Hikaya ta ce kifaye kan taru a ƙasanta duk bazara suna tsalle, wanda ya haye ya rikiɗe ya zama lung, sauran su koma da tabo a goshi. Shekaru aru-aru da wannan ake kwatanta jarrabawar shiga aikin sarki, wadda ke iya mai da ɗan manomi gwamna, har aka soke ta a 1905. Yanzu gaokao ce ta gaje ta, jarrabawar shiga jami'a, wadda mutum miliyan 13 da dubu 420 suka yi rajistarta a 2024. Karin maganar da kowane Basine ya sani ita ce wang zi cheng long, "fatan ɗa ya zama lung". Fata ne mai kyau, irin wanda kowane uba ke da shi. Sai dai hikayar da kanta ta faɗi cewa mafi yawan kifayen ba sa hayewa, kuma yaron da aka tashe shi tun asuba aka hana shi wasa shekara goma sha biyu, shi ke ɗauke da tabon.

Shekarun Sinawa na zagayawa ne a kan dabbobi 12, lung ne na biyar, kuma shi kaɗai ne babu shi a daji ko a garke. Shekarunsa na baya-bayan nan su ne 1976, 1988, 2000, 2012 da 2024. Ana ɗauka wanda aka haifa a ciki zai yi sa'a da kwarjini, har ma'aurata kan daidaita ɗaukar ciki da ita. Nan ma abin da ake zaton tsohuwar al'ada ce ya fito sabo. Masanin ƙidayar jama'a Daniel Goodkind ya bi alƙaluma ya ga cewa hauhawar haihuwa a shekarar lung ba ta bayyana ba sai 1976, a Taiwan da Hong Kong da Singafo da Sinawan Malesiya. Dalilin a fili yake: sai da magungunan tsara iyali suka wadatu, iyali suka koma 'ya'ya biyu ko ɗaya, sannan zaɓen shekara ya yiwu. Mai 'ya'ya takwas ba ya zaɓe. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Naci Mocan da Han Yu, sun duba sakamakon ɗalibai a Sin suka ga 'ya'yan lung na ɗan fin sauran maki. Da suka tono dalili, sai suka tarar iyayen ne suka fi sa musu rai, suka fi kashe musu kuɗi da lokaci. Taurari ba su yi komai ba, imanin iyaye ne ya yi aikin.

A 2024 shugabanni ma sun sa rai. Firayim ministan Singafo na lokacin, Lee Hsien Loong, wanda shi ma akwai lung a sunansa, ya roƙi ma'aurata su ƙara "ɗan ƙaramin lung" a gida. A Sin an haifi jarirai miliyan 9 da dubu 540, sama da miliyan 9 da dubu 20 na 2023. Ƙari ne, amma auren da aka ɗage lokacin korona aka ɗaura a 2023 yana da hannu a ciki, kuma duk da haka yawan jama'ar ƙasar ya ragu a shekarar. Tsadar gida da ta makaranta sun fi ƙarfin kalanda.

Sauran wuraren da yake fitowa ba su ƙirguwa. A biki yana gefen ango, tsuntsuwar hikaya fenghuang na gefen amarya, kuma tagwaye mace da namiji "cikin lung da fenghuang" ne. Masu duba mazaunin gida suna kiran jerin tsaunuka jijiyoyin lung, ba a son a datse su. Ƙasusuwan da aka tono daga ƙasa, masu maganin gargajiya na daka su da sunan "ƙashin lung", kuma a jikin irinsu ne masani Wang Yirong ya gane rubutun Sinanci mafi tsufa a 1899. Ranar biyar ga wata na biyar ana tseren dogayen kwale-kwale masu kan lung, mutum ashirin na tuƙi, makaɗi na gaba yana ba su amo, don tunawa da mawaƙi Qu Yuan da ya faɗa kogin Miluo a 278 kafin Miladiyya. Kafin kwale-kwalen ya taɓa ruwa sai wani babba ya ɗiga masa jan fenti a ido, a ce an tashe shi.

A unguwar Tai Hang ta Hong Kong, wadda a da ƙauyen masunta da manoma ne na Sinawan da ake kira Hakka, akwai wanda ya fi kowane kama da na asali. Mutanen wurin na ba da labari cewa a 1880 guguwa ta afka musu, sai ga wata mesa ta shigo tana cin dabbobi, suka taru suka kashe ta. Bayan 'yan kwanaki annoba ta ɓarke. Aka ce musu mesar ɗan sarkin lung na teku ce, kuma ba mafita sai su yi lung na wuta su zagaya da shi ƙauye kwana uku. Suka yi, annobar ta lafa. Har yanzu duk tsakiyar kaka suna ɗaure igiya da busasshiyar ciyawa su yi jiki mai tsawon mita 67, su soka masa turaren tsinke dubbai masu ci, mutum wajen 300 na karɓa-karɓa a ƙarƙashinsa. Kan kaɗai ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya daɗe da shi, shi ya sa ake canjin hannu a guje. Lunguna su cika da hayaƙi, ido na yaji, toka na zuba a kafaɗar masu ɗauka, ba ka ganin ciyawar, sai jan garwashi na lanƙwasa tsakanin benaye yana bin ƙwallaye biyu na wuta. Korona ta hana shi fitowa bainar jama'a, sai a 2023 ya dawo. Idan an zo sauya turaren, akan zare na jikinsa a miƙa wa 'yan kallo, kowa ya kama hanyar gida da tsinkensa yana hayaƙi.